Na Kai Sirdin Akawal Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban samu sakat a shago ba. Kowa ya kawo ɗinki sai ya ja benci ya zauna: "Sama'ila, wai da gaske sirdi ka kai wata ƙasa gyara? Tela da sirdi, me ya haɗa kifi da kaska?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, shekaranjiya ma garin surutu na ɗinke wa wani bawan Allah aljihu a baibai. To ga shi na rubuta gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da taka kekena.

Asalin maganar ta Kawu Ilu ce, yayan mahaifiyata da ke Kurfi. Ya haura saba'in, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa ba doki ba. Wanda yake da shi yanzu baƙi ne wuluk, Akawal, shekararsu tara tare. Da shi yake zuwa gonarsa ta wajen Ɗantutture kowace safiya. Babur kuwa, ya ce ba ya hawan abin da bai san muryar mai shi ba. Dokin nan ya fi Kawu cin daɗi: ga dawa, ga harawa, ga kanwa, har ya yi faɗi kamar gadon amarya.

Da ciwon ƙugu ya fara damun Kawu, sai tsohon sirdinsa na gargajiya ya yi masa nauyi. Ɗauka wahala, ɗaga ƙafa ya tsallake shi wahala. Bashir, babban ɗansa, wanda taubashina ne, ya je Katsina ya sayo masa sirdin Turawa na hannu, irin ɗan shafal ɗin nan da 'yan wasan holo ke hawa. Da kyakkyawar niyya ya yi, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma wata bai cika ba Akawal ya canza hali. Da ya hango sirdi sai ya kwantar da kunnuwa, ya kai cizo, a gangare kuma ya toge. Kawu ya yi abin da kakanninmu ke yi: ya ƙara zubka, wato shimfiɗar sirdi, a ƙarƙashi don bayan ya ji laushi. Abin ya ƙaru, ya ƙara ta biyu, har da tsohon bargo. Wata Alhamis, dab da gona, Akawal ya yi tutsu ya zubar da shi, ya samu targaɗe a wuyan hannu.

'Ya'yan suka zauna suka yanke hukunci: doki ya haukace, za a sayar kafin ya kashe musu uba. Aka yi magana da dillali zai zo Asabar ta sama. Da na je dubiya daga Dutsin-Ma na tarar da Kawu a zaure, hannu a ɗaure, yana kallon turke. Wallahi raina ya ɓaci, don na san ranar da aka fitar da dokin nan daga gidan, ranar Kawu zai zauna zaman da ba zai tashi ba. Na lura kuma da aka ja Akawal shan ruwa ba sirdi, lafiya lau yake tafiya, har yana sunsunar akuya.

Na ce wa Bashir, "Ni dai tela ne, na san mutumin kirki kan zama mafaɗaci in wando ya matse shi. Ku ba ni zuwa Asabar ɗin."

Ya yi dariya ya ce, "Kai komai a wurinka ɗinki ne. Je ka, amma Asabar da la'asar dillali zai kwance shi, ko kana nan ko ba ka nan."

Na zaro tef ɗina na auna dokin nan tsaf, yadda nake auna mai babbar riga: tsawo daga wuya zuwa gindin wutsiya, zagayen ciki, tsayi, har da kaurin wuya. Na rubuta a littafin awo tsakanin sunan wani liman da wani malamin makaranta. Na cusa sirdi a buhu, ina ji da kaina.

Ran Litinin na sauka Katsina, na nufi bargar da ake ajiye dawakin holo. Wani dattijo mai kula da su ya juya sirdin, ya leƙa cikinsa, ya ce su iyakarsu ɗinkin maɗauri da ya tsinke. Aikin ƙashin sirdi sai Malam Isuhu baduku a Maraɗi, wanda ya daɗe yana gyara wa Turawa sirada a Yamai kafin ya koma gida. Ni kuwa ko Jibiya ban taɓa wucewa ba. Amma na riga na cika baki a gaban taubashi, ina zan kai kunyar?

Na kwana wurin wani abokin sana'a, Talata da sassafe na shiga motar Maraɗi. Kun san halin hanyar Jibiya, ba a bin ta da yamma. Mu tara a motar mutum shida. Direba ya so ya ɗaure buhuna a but ƙarƙashin buhunan barkono, na ce sam, na rungume shi a cinya. Wata Hajiya mai kai atamfofi da ke gefena ta sha zungurin likkafa a haƙarƙari har ta gaji.

Ta ce, "Malam, tun Katsina ƙarfen nan ke gaishe ni. In dokin ne a ciki ka fito da shi ya sha iska."

A kan iyaka an sauke mu duka. Ɓangarenmu an duba katin shaida, an leƙa buhu, aka tambaye ni ina dokin. Na ce yana Kurfi yana jiran hukunci. A ɓangarensu, wajen Ɗan Isa, wani jandarma dogo ya fara da gaisuwa tukuna, gida da iyali da gajiya, har na saki jiki, sannan ya miƙa hannu ya karɓi takarda. Da ya ga sirdin sai fuskarsa ta washe, ashe ubansa mahayi ne. Ya ɗora shi a benci ya hau, ya gyara zama, abokan aikinsa suna ta dariya. Ya sauko ya ce, "Sirdin ga na ƙwarai ne, amma na siririn doki ne." Ban ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, don littafin awo na aljihuna.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Maraɗi shi ne ban ji na bar gida ba. Hausarsu ta kakata ce ta wajen uwa, da "lahiya" da "tahiya" da "wanga". Sai dai tasha a wurinsu otogar ce, ɗan acaɓa kuma kabu-kabu. Wani ɗan kabu-kabun ne ya kai ni unguwar dukawa. Sunan Malam Isuhu kawai na faɗa, bai sake tambaya ba.

Na same shi a rumfa ƙofar gidansa, ɗan tsamurmurin tsoho da tabarau ɗaure da zare, yatsunsa duk sun yi kanta. Bayan gaisuwa na kwashe labari na faɗa masa, na ajiye sirdi, sannan na buɗe littafi na fara karanto awo da murya irin ta wanda ya san aikinsa. Ya bar ni har na kai kaurin wuya.

Ya ce, "Malam Sama'ila, riga za mu ɗinka wa dokin ko wando?"

Maƙwabtansa dukawa suka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage. Shekara ashirin da biyu ina awo, ba a taɓa yi wa tef ɗina dariya ba sai ran nan.

Da ya ga na sha kunu sai ya jawo ni kusa, ya kifa sirdin ya nuna mini. A cikin fatar akwai ƙashi na itace, gabansa da ƙarfe mai siffar baka, shi ke hawa kan tudun nan da ke tsakanin kafaɗun doki. In bakan ya yi wa doki faɗi, sirdi ya zauna kan ƙashin baya. In ya yi masa ƙunci, ya cije naman kafaɗa dama da hagu kamar awartaki. Tef yana faɗin tsawo da zagaye, amma ba ya faɗin siffa, kuma siffar yake nema. Ya tambaye ni me muka yi da dokin ya fara cizo. Na ce Kawu ya ƙara zubka biyu da bargo. Ya dafe kai.

"Kayya! Haka mutanenmu ke yi duka. Sirdinmu na gargajiya a kan tarin zubka aka gina shi, ko'ina ka ƙara daidai ne. Wanga ba haka yake ba. In takalmi ya matse ka, safa uku kake ƙarawa?"

Sai a nan na gane. Tausayin Kawu ne ya ƙara wa dokinsa azaba, garin neman gira aka kusa rasa ido.

Ya ce tunda ba a kawo doki ba, sai a kawo bayansa. A samu waya mai kauri wadda ke lanƙwasuwa ta tsaya, kamar kamu ɗaya. A tsayar da doki a wuri mai daidai, a laluba ƙarshen allon kafaɗa, a ja baya yatsa uku, a kwantar da wayar a kan tudun, a danna ta ta bi jiki dama da hagu. A ɗauke ta a hankali a aiko. Na kira Bashir na karanta masa. Ya yi ta ƙorafi wai na mai da shi ɗan aikena, na ce ai dama bawana ne tun kakanni. Ya dai yi, ya kai Katsina da kansa ya ba direban Maraɗi.

Malam Isuhu bai bar ni na nemi masauki ba, ya shimfiɗa mini katifa a zaurensa. Da safe aka kawo burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi. Na gatsa da ƙarfina irin na burodin gida, ɓawon ya yanke mini dasashi. Sai da na ga mai gida yana tsoma nasa a shayi na gane. Shayin ma ba irin namu na kofi cike da madara ba ne. Ɗan mitsitsin kofi ne, sau uku ake zubawa, na fari ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na fari na miƙe zan tafi, aka ce ina, ba a tashi sai an sha na uku. Da rana dambu da zogale, wanda ban ci irinsa ba ko a gida, kada matata ta ji. Abu ɗaya da ya gagare ni shi ne rufe shago da suke yi da tsakar rana kowa ya je ya kwanta. A Dutsin-Ma ka yi haka, kafin ka farka maƙwabcinka ya kwashe masu ɗinkinka.

Laraba da azahar muka je otogar karɓar saƙo. Direba ya gan mu ya washe baki, ya sa hannu a aljihu ya zaro wayar, a nannaɗe tsaf kamar awarwaro.

Ya ce, "Na ga an ba ni ita a karkace tana ta soke mutane, shi ne na gyara muku."

Inna lillahi! Na buɗe baki zan sauke masa kwandon masifa, Malam Isuhu ya riƙe mini hannu. Ya ce laifinsa ne shi da bai ce a zana ba. Ranar nan ban ci abincin kirki ba. Ina ƙirga kwanaki a yatsa: Alhamis, Juma'a, sai Asabar.

Na sake kiran Bashir. Wannan karon, in ji Malam Isuhu, a samu wata wayar a sake gwadawa, a ɗora ta a kan kwali a bi cikinta da biro, a rubuta dama da hagu. A yi uku: ɗaya a bayan kafaɗa, ɗaya a tsakiyar baya inda ya fi faɗawa, ɗaya a kan haƙarƙarin ƙarshe, don sirdi ba ya wuce nan. Na shirya jin tsiya, amma sai na ji muryarsa ta sauka.

Ya ce, "Sama'ila, da na danna wayar farko a bayan kafaɗarsa, sai da ya durƙusa. Akwai farin gashi a wurin, dama da hagu, kamar kwabo-kwabo. A da babu su."

Na faɗa wa Malam Isuhu. Ya gyaɗa kai ya ce sawun sirdi ne, inda ya cije har gashin ya mutu ya fito fari.

Alhamis kwali ya iso, na taliya ne, da zane uku a kai. Malam Isuhu ya yanke na farkon da almakashi ya cusa shi a bakan sirdin. Bai shiga ba, ya tokare tun a rabi. Ko ni da ba baduku ba na gani da idona. Ya farke ɗinkin gaba, muka ɗauki ƙashin zuwa wurin wani maƙeri abokinsa mai matsi na ƙarfe. Suna buɗa bakan kaɗan-kaɗan, a juya sau ɗaya a tsaya a gwada kwali, don in aka yi gaggawa itacen ya tsage, shi ke nan sirdi ya mutu. A karo na biyar kwali ya zauna daram.

Juma'a bayan masallaci ya zazzage tsohon cushen da ke cikin matasai biyu na ƙarƙashin sirdin, wanda ya dunƙule ya yi tauri kamar dutse. Ya cusa sabon gashin tumaki da wani siririn ƙarfe, yana yi yana gwadawa da sauran kwalayen biyu. Ɗinkin rufewa kuwa ni ya miƙa wa allura. Ya duba layin da na yi ya ce, "To, ashe dai telan na gaske ne." Wallahi daɗin da na ji ya wanke dariyar ran Talata. Kafin magariba ya sa na haddace abin da zan duba in na isa, ya sa na maimaita masa sau uku kamar karatun allo.

Asabar da asuba na kama hanya. Jandarman nan na Ɗan Isa ya gane ni, ya ɗaga hannu ya ce in gai da doki. Taya ta fashe mana bayan Jibiya, a Katsina kuma motar Kurfi ta ƙi cika. Na isa ana kiran la'asar. Dillali na zaune a ƙofar gida da igiyarsa a hannu, maƙwabta sun taru. Kawu na zaure inda na bar shi.

Ko ruwa ban sha ba na nufi turke. Akawal ya hango sirdi ya kwantar da kunnuwa, ya juyo da haƙora. Dillali ya ce, "Kun gani ko?" Na ja da baya, don ni ba mahayi ba ne. Bashir ne ya zo ya riƙe ragama yana shafa masa wuya. Na ɗora sirdin a bayansa tsirara, ba zubka ko ɗaya. Kawu ya yunƙuro daga zaure.

"Kai Sama'ila! Ba shimfiɗa? Kashe shi za ka yi?"

Na ce, "Kawu, ka yi mini haƙuri kaɗan."

Na ɗora shi a gaba na zame shi baya har ya tsaya da kansa a bayan kafaɗa. Na sa yatsu uku tsakanin bakan da tudun baya, suka shige. Na zura tafin hannu ƙarƙashin gaban sirdin na bi kafaɗa har ƙasa, dama da hagu, ba inda ya cije ni. Na koma ta wutsiya na leƙa, na hango haske ya ratsa ta tsakiya har gaba. Na ajiye allin ɗinkina mai zagaye a mazauni, ya gangara ya tsaya a tsakiya. Sannan na ɗauke, na shimfiɗa ƙyalle ɗaya marar kauri, na mayar, na ja majayin ciki a hankali rami ɗaya-ɗaya. Akawal ya ƙame yana jiran zafin da ya saba. Da bai zo ba, sai ya saki dogon numfashi, kunnuwa suka miƙe, ya sunkuya ya ci gaba da cin harawarsa.

Bashir ya ce shi zai fara hawa, tunda shi ya sayo masifar. Ya zaga bayan gari, ya bi gangaren da dokin ke togewa, ya dawo suna tafe lafiya lau. Da muka sauke sirdin, gumi ya jiƙa bayan daidai ko'ina, ba busasshen wuri. Bashir ya je ya ba dillali haƙuri, shi kuma ya naɗe igiyarsa ya tafi yana gunaguni.

Mutane suka yi ta barka. Kawu kuwa ya taso da hannunsa ɗaurarre ya zo wurin dokin. Bashir ya nuna masa fararen tabon nan biyu. Na yi masa bayanin bakan ƙarfe da zubka, da misalin takalmi da safa. Ya daɗe da yatsunsa a kan tabon.

Ya ce, "Wato duk bargon da na ƙara, ƙara masa na yi?"

Na ce, "Ba ka sani ba ne, Kawu."

"Shi ai ya sani. Wata guda yana faɗa mini." Ya sake shafa tabon. "Shekara tara ban taɓa ɗaga masa hannu ba, sai a watan nan. Sau uku na zane shi, Sama'ila. Sau uku."

Ya shiga zaure ya ciro bulalar da ke rataye a ƙusa, ya miƙo mini, ya ce in tafi da ita Dutsin-Ma, kada ya sake ganinta a gidansa. Sannan ya koma turke ya dafa wuyan Akawal, muka ji yana cewa a hankali, "Ka yafe ni."

Hannun ya warke, sun koma zuwa gona tare. Farin gashin kuwa Malam Isuhu ya ce ba zai koma baƙi ba har abada, kuma Kawu kan taɓa wurin kowace safiya kafin ya ɗora sirdi. Bulalar ita ce wadda kuke gani a rataye bayan kekena, kusa da tef, kuna tambayata ta mece ce.